Wai me ya sa ake ce wa wannan katakon "ponderosa" alhali ba shi da nauyi?

Baban Khalifa Kafinta:
Assalamu alaikum jama'a, akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanena da yake tuƙin tirela a Amurka ya aiko min da tsaraba ta hannun wani da ya dawo gida, a ciki har da guntun katako kamar kamu ɗaya, ya ce irin wanda yake ɗaukowa ne daga injinan yankan katako na jihar Idaho da Oregon, sunansa ponderosa. To da muka yi waya sai yake ce min wai ma'anar sunan "mai nauyi" ne. Ni kuma shekara 23 ina riƙe da zarto, na ɗaga katakon nan da yatsa biyu, ko kusa da madaci bai je ba, na buga masa ƙusa ta shige salin alin bai tsage ba, farce ma in ka danna yana barin shaida. To ina nauyin yake? Ko dai yaron ne bai fahimci abin da aka gaya masa ba? Masu ilimin abin a taimaka don Allah.

Ɗan Sifen:
Wa alaikumus salam oga. Ai ba nauyi ba ne, Sifaniyanci ne, ma'anarsa mai ƙarfi, mai iko. Nan inda muke kullum muna jin kalmar, kuma kudu maso yammacin Amurka da can ai a hannun Meziko yake shi ya sa sunayen garuruwansu da yawa na Sifaniyanci ne.

Tsohon Malamin Bayoloji:
Ɗana na Sifen ka kusa amma ka zame da harafi ɗaya. Wadda kake ji ita ce poderosa, babu "n" a cikinta, ita ce mai iko. Wannan kuwa ponderosa ce, daga Latin ta fito, pondus shi ne nauyi, ponderosus kuma abu mai nauyi. Cikakken sunan bishiyar a kimiyya Pinus ponderosa, pinus shi ne dangin itatuwan da ake ce wa pine da Turanci. Abin da ya sa ta ƙare da "a" shi ne kalmar pinus tamace ce a Latin, sai sifar ta bi ta, kamar yadda za ka ce farar bishiya ba za ka ce farin bishiya ba. Saboda haka Baban Khalifa ƙanenka bai yi kuskure ba, mai nauyi ne ma'anar.

Kuma ka san wani abu, kalmar nan tana bakinmu kullum ba mu sani ba. Fam ɗin nan da iyayenmu suke lissafi da shi, fam da sule, daga Turanci muka aro, su kuma Turawan Ingila daga pondo na Latin suka samo, wato "bisa awon nauyi". Tushensu ɗaya da ponderosa.

Ɗan Sifen:
Allah ya gafarta malam na duba yanzu, haka ne kuwa, kalma biyu ce daban. Na karɓa. Allah ya ƙara sani.

Ɗan Damagaram:
Mu ma a lakwal da Faransanci akwai kalmar pondéreux, ana faɗinta ga kaya masu nauyi irin su siminti da ƙarfe da gawayin ƙasa da ake ɗauka a jirgin ƙasa. Da malam ya yi bayani sai na ga ai gida ɗaya suka fito.

Baban Khalifa Kafinta:
Madalla malam, to kenan tambayata tana nan daram. In ma'anar mai nauyi ce, wa ya raɗa masa, kuma da wane hannu ya ɗaga ya ji nauyin? Don ni dai abin da ke gabana mara nauyi ne.

Ɗalibin Gandun Daji:
Baba sannu da aiki, bari in sa baki don yanzu haka da nake rubutun nan in na leƙa taga ita nake gani. Ina karatun gandun daji ne a garin Flagstaff a arewacin jihar Arizona, garin yana kan tudu kimanin mita 2,100, kuma dajin ponderosa ne ya zagaye shi ta ko'ina, shi ne dajinta mafi girma da ya haɗe wuri ɗaya babu yankewa. Sunan garin ma daga ita ya samo, a 1876 wasu matafiya suka sassabe rassan wata doguwa suka ɗaura mata tutar Amurka ranar bikin cika shekara ɗari da samun 'yanci, sai wurin ya zama "sandar tuta".

Wanda ya raɗa sunan wani ɗan Sikotlan ne David Douglas, an haife shi 1799, aikinsa yawon neman tsirrai, ƙungiyar masu lambu ta Landan ce ta turo shi. Ya sauka bakin kogin Columbia a 1825, a 1826 ya ci karo da bishiyar nan kusa da inda garin Spokane yake yanzu a gabashin jihar Washinton. Da farko ma ya ɗauka wata ce da aka riga aka sani a gabas, Pinus resinosa, sai a 1829 ya gane sabuwa ce ya sa mata ponderosa. Bai ga sunan a rubuce a hukumance ba don ya rasu a 1834 a tsibirin Hawai yana da shekara 35, an tsinci gawarsa a cikin ramin da aka haƙa na kama shanun daji, da bijimi a ciki. Sai a 1836 wani mai gidan renon itatuwa a Edinbara, Charles Lawson, ya buga bayaninta da sunan da Douglas ya bari.

Yanzu maganar nauyi. Baba abin da ke hannunka busasshe ne, an sa shi a ɗakin busarwa an ƙafe masa ruwa. Busasshen ponderosa kubik mita ɗaya kimanin kilo 450 ne, ka ga da gaskiyarka, iroko yana wajen 650, madacinmu ya haura 700, ko pine ɗin ƙasar su Douglas ɗin ma ya ɗara shi nauyi. Amma ɗanye wani labari ne daban. Ka san itace yana da zuciya a tsakiya sannan da farin nan na gefe da ke ƙarƙashin ɓawo, to ita ponderosa farin gefenta yana da kauri ƙwarai fiye da yawancin 'yan'uwanta, kuma a nan ruwa yake zama, ruwan da ke ciki ya kusa ninki ɗaya da rabi na nauyin itacen kansa. Wato in ka yanko ɗanyen farin gefe mai kilo 25 ka busar da shi ƙayau abin da zai rage maka kamar kilo 10 ne. Mu da ake sa mu ɗaukar gungume a wajen aikin fili mun san haka a kafaɗunmu. Sannan ga girman jikinta, akwai wadda aka auna a Oregon ta haura mita 80, gindin tsofaffin kuwa mutum uku sai su riƙe hannu kafin su zagaye. Ni a ganina mutumin da ya tsaya a gaban irin wannan kuma ya taɓa ɗanyenta ba zai rasa ce mata mai nauyi ba.

Baban Khalifa Kafinta:
Kai masha Allah, Allah ya yi maka albarka ɗana. Wannan ta shige ni don ko malaina in aka kawo ta ɗanya daga kudu yara biyu ke ɗaukar abin da in ya bushe yaro ɗaya zai saɓa. Amma duk da haka ina da ja. Shi suna ai don wanda zai yi amfani da abu ake yinsa. Dubi madaci, duk wanda ya ɗanɗana ɓawonsa ya san dalilin sunan, jiya da yau da gobe ɗaci ne. Shi wannan kuwa da zarar ya shigo hannun kafinta sunan ya zama ba gaskiya ba. Me ya hana su gyara?

Tsohon Malamin Bayoloji:
Ba a gyarawa Baban Khalifa, kuma da gangan ne. Ƙa'idar masana tsirrai ita ce sunan da aka fara bugawa bisa tsari shi ke zama, ana lissafi tun daga littafin masanin tsirrai Linnaeus na 1753, kuma ba a yarda a jefar da suna don kawai ma'anarsa ba ta dace ba. In aka buɗe wannan ƙofar kowa zai zo da nasa, ɗan Jamus ya ce kaza ɗan Japan ya ce kaza, a rasa gane ko bishiya ɗaya ake magana a kai. Ponderosa ma ai nata da sauƙi. Akwai wata a kudu maso gabashin Amurka mai dogon ganye, wani masanin tsirrai Philip Miller ya sa mata Pinus palustris a 1768, wato ta fadama, alhali a busasshen jigawa mai rairayi ta fi fitowa. Shi kansa Douglas akwai wadda ya sa wa contorta wato murɗaɗɗiya, don waɗanda ke bakin teku a karkace suke, amma in ka shiga cikin duwatsu ita ce miƙaƙƙiyar da 'yan asalin ƙasar suke kafa bukkokinsu na fata da ita saboda tsabar miƙewarta. Har yau contorta ake ce mata.

Baban Khalifa Kafinta:
Allah ya gafarta malam na ji hujjar amma raina bai kwanta ba. Ku malamai kuna da littafi, in suna ya ruɗe ku kun koma kun duba. Mu a kasuwa suna shi ne littafin namu. Mutum ya zo ya ce min a yi masa ƙofa da kaza, da sunan muka yi ciniki.

Alhaji Mai Katako:
To ai a nan ne nake son in shigo. Mu 'yan katako ba ruwanmu da Latin, abin da mai saye ya sani shi muke faɗa. A ce fari a ce ja a ce afara a ce obeche a ce malaina shi kenan. Sau nawa itace kala uku ko huɗu suke shigowa a mota ɗaya duk a kira su "ja"? Kuma ba cuta ba ce, haka aka saba, kowa ya san abin da ake nufi, in ka tsaya sai ka bambance kowanne da sunansa na makaranta ba za ka sayar da ko falanki ɗaya ba.

Ɗalibin Gandun Daji:
Alhaji ranka ya daɗe, abin da ka faɗa ɗin nan shi ne ya kai ponderosa har Kotun Ƙolin Amurka, da gaske nake. Su pine na Amurka gida biyu ne a wajen 'yan katako, akwai farare akwai rawaya. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ganye, ganyen nasu kamar allurai ne a ɗaure dami-dami, farare allura biyar ne a dami, rawaya biyu ko uku. Ponderosa yawanci uku ne da ita saboda haka 'yar gidan rawaya ce. To farin pine na gabas, Pinus strobus, shi ne ya yi suna tun zamanin mulkin Ingila, har sarki yana sa a yi wa manyan alamar kibiya don a keɓe masa su na jiragen ruwan yaƙi, kuma ya fi daraja a kasuwa. Da aka cinye dazuzzukan gabas da na yankin manyan tabkuna sai harkar ta koma yamma, masu injinan can suka ga katakon ponderosa fari-fari ne mai laushi yana kama da wancan, sai suka riƙa sayar da shi da sunan "farin pine na Kalifoniya". Hukumar kula da ciniki ta tarayya ta ce su daina, suka ƙi, aka tafi kotu, a 1934 Kotun Ƙoli ta goyi bayan hukumar, shari'ar ana kiranta da sunan kamfanin Algoma, alƙali Cardozo ne ya rubuta hukuncin. Su masu injin hujjarsu irin taka ce Alhaji, sun ce an daɗe ana kiransa haka kowa ya saba kuma katakon yana da kyau. Kotu ta ce in mutum ya nemi abu kaza aka ba shi wani daban an cuce shi, ko da abin da aka ba shi ɗin ba lalatacce ba ne.

Alhaji Mai Katako:
To ai wannan daban ɗana. Su sun ɗauki sunan mai tsada sun liƙa wa mai araha don su ci riba, wannan ko a nan ha'inci ne, addini ma ya hana. Ni abin da nake cewa suna na gama-gari da mai saye da mai sayarwa duk sun san me ke ciki.

Baban Khalifa Kafinta:
Alhaji da girmanka amma mai saye bai sani ba wallahi. Kai ka sani, ni na sani, amma malamin makarantar da ya tara kuɗinsa shekara biyu zai yi rufi bai sani ba. Na taɓa karɓar aikin ƙofofi guda shida, mai gidan da kansa ya je ya sayo katakon aka ce masa "ja" ne mai kyau, da na sa zarto na ji ba shi ba ne na gaya masa, ya ce ai haka aka ce masa, kafin damina biyu gara ta shiga uku daga ciki, kuma ni aka zo ana wa kallon wanda bai iya aiki ba. Har yau abin yana min ciwo. Shi ya sa nake ɗaukar maganar suna da zafi.

Alhaji Mai Katako:
Allah ya ba ka haƙuri, wannan kam an zalunce shi kuma an ɓata maka suna. Ban ce babu masu yi ba. Amma ka lura da wani abu, a labarin da yaron nan ya kawo, sunan Latin ɗin da kake ƙorafi a kansa shi ne ya tsaya a matsayin shaida, don da shi aka ce wannan ponderosa ce ba strobus ba. Sunan kasuwa ne ya yi ƙarya, wanda ka ce bai dace ba shi ya faɗi gaskiya.

Tsohon Malamin Bayoloji:
Alhaji ka faɗi abin da na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba.

Direban Tirela:
Salam jama'a, Yaya ashe har nan ka kawo maganar, yanzu na tsaya hutawa na gani. Ni dai a takardar lodi da tambarin da suke bugawa a jikin katakon PP nake gani, wasu lokutan a haɗe da wasu haruffa in an gauraya shi da wani iri. Yawanci kamfanonin taga da ƙofa da masu yin ƙawar bango nake kai wa, sun ce suna sonsa don baya murɗewa in ya bushe kuma yana karɓar fenti da ƙusa lafiya, amma duk wanda zai sha ruwan sama sai an jiƙa shi da magani tukuna. Ma'aikatan injin kuwa ba kowa ke cewa ponderosa ba, wani dattijo da muke gaisawa in na je lodi yellow pine kawai yake cewa, wani lokaci bull pine.

Ɗalibin Gandun Daji:
Yaya direba sannu da hanya. E sunayenta na baki suna da yawa kuma su ne ma suka fi kama da irin sunan da Baba yake nema, don abin da ido ya gani suke faɗa. Tana ƙarama ɓawonta baƙi ne ƙirin mai kaushi, a lokacin blackjack suke ce mata, har a zamanin da mutane suka ɗauka wata bishiya ce daban. Sai ta haura shekara ɗari zuwa ɗari da hamsin sannan ɓawon ya fara komawa ruwan lemo, ya rabu faranti-faranti, in ka ɓantaro guntunsa sai ka ga kamar ɓallin taswira, a nan ne ake ce mata mai rawayan ciki, wasu ma kabewa suke ce wa tsofaffin saboda launin. Kuma in rana ta buga ta ka kai hancinka cikin tsagar ɓawon za ka ji ƙamshi kamar na kek ɗin da aka sa wa banila, ranar da aka fara nuna min na daɗe a tsaye ina shinshinawa. Tana iya kai shekara 300 zuwa 600.

Kabilar Lakota suna kiran wasu duwatsu a jihar Dakota ta Kudu Paha Sapa wato baƙaƙen duwatsu, don in ka hango su daga fili duhun ponderosa ne ya rufe su, Turawa suka fassara sunan kai tsaye. A Montana kuma, inda aka ayyana ta bishiyar jiha a 1949, har yanzu akwai tsofaffi masu babban tabo a jiki, matan ƙabilar Salish da maƙwabtansu ne a da suke ɓare ɓawon idan sanyi ya wuce su kankare ɓargon ciki mai zaƙi a ci, amma ba sa zagaye gindin duka, suna barin gefe don kar ta mutu, ga su nan a raye bayan fiye da shekara ɗari.

Maman Iman Likitar Dabbobi:
Sannunku, ina ta bin maganar tun safe a wajen aiki. Mu a karatunmu ta wata fuska muka san sunan nan. In saniya mai ciki ta ci ganyen ponderosa a watannin ƙarshe tana yin ɓari ko ta haifi ɗan maraƙi bakwaini mara ƙarfi, kuma sau da yawa mabiyiya ta maƙale ta ƙi fita, daga nan sai ciwo ya shiga. Makiyayan yammacin Amurka da Kanada sun daɗe suna kuka da shi musamman lokacin dusar ƙanƙara da ciyawa ke rufewa shanu su koma cin ganyen, a shekarun 1990 aka gano sinadarin da ke jawo haka, isokuprasik asid, yana matse jijiyoyin da ke kai jini mahaifa. Na kawo wannan ne don in goyi bayan malam, a irin wannan wurin dole ka san takamaimai wace bishiya ce, don ba duk pine ke yin haka daidai ba, in aka ce maka "rawaya" kawai ba ka san ko ka kawar da garkenka ko ka bar su ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya wannan abin tsoro ne. To wanda nake gani a Jos da muka je biki fa, da waɗanda ake shukawa a bakin gidajen gwamnati masu yin fito in iska ta kaɗa, su ma haka ne?

Ɗalibin Gandun Daji:
A'a ba ita ba ce. Na Jos da wajen Miango da gandun Afaka kusa da Kaduna yawanci Pinus caribaea ce, daga Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan aka kawo irinta don ita tana jure zafi. Ponderosa tana son sanyin hunturu, daga kudancin British Columbia a Kanada ta gangaro ta yammacin Amurka har iyakar Meziko. Mai fiton nan kuwa ko pine ba ce ba sam, kasuwarina ce, asalinta Ostireliya da gaɓar tekun kudu maso gabashin Asiya, abin da kake gani kamar allura ƙananan rassa ne ba ganye ba, in ka ja za ka ga yana rabuwa gaɓa-gaɓa.

Maman Iman Likitar Dabbobi:
Yauwa, kar wani ya je ya ce na ce bishiyar Jos tana zubar da cikin shanu. Ponderosa na ce.

Ɗan Sifen:
To ni tambayata yanzu, da Hausa me za mu ce mata? Tunda an ce mai nauyi me zai hana mu ce Nannauya? Ya ma yi daɗin faɗa.

Tsohon Malamin Bayoloji:
Ya yi daɗi kam, amma ni ban goyi baya ba. Ka duba itatuwan da suka zo mana daga waje suka samu sunan Hausa, darbejiya daga Indiya ta zo, wasu su ce dogon yaro wasu su ce maina, turare daga Ostireliya. Sun samu suna ne don sun zauna a ƙofar gidajenmu, mun sha inuwarsu mun dafa ganyensu, ba wani ne ya zauna ya fassara daga littafi ba. Ponderosa ba ta fitowa a ƙasarmu. In muka ce Nannauya mun ɗauko ruɗanin da ya dami Baban Khalifa mun sa shi a harshenmu, a Latin aƙalla ma'anar a ɓoye take, a Hausa kuwa duk kafintan da ya ji zai sa ran katako mai nauyi. Larabawa suna ce wa dangin gaba ɗaya sanaubar, mu kuma a bakin 'yan makaranta fain ake cewa. A bar ta fain ponderosa.

Ɗan Damagaram:
Wani abokina Kirista ya ce ko ita ce al'ul da suke karantawa a Littafi Mai Tsarki?

Tsohon Malamin Bayoloji:
A'a, al'ul ita ce ta duwatsun Lebanon wadda ke jikin tutarsu, dangi ne na nesa amma jinsinsu daban.

Baban Khalifa Kafinta:
Ɗana na Arizona akwai abin da ya rage min. Da na shinshina inda na yanka akwai warin ƙaro sosai, itace mai ƙaro haka ai wuta tana sonsa, ta yaya take kai shekara ɗaruruwa a daji ba ta ƙone ba?

Ɗalibin Gandun Daji:
Baba ka taɓo abin da nake rubuta kundina a kai. Da wuta ta girma ai. Ɓawon tsohuwa yana da kauri ya kai faɗin yatsu uku zuwa huɗu, tana zubar da rassanta na ƙasa da kanta yadda harshen wuta ba zai samu matakala ba, ga saiwa mai nisa. A da duk bayan 'yan shekaru, wani wurin biyar wani wurin ashirin, wuta takan bi ta ƙasa, ko ta tsawa ko wadda 'yan asalin ƙasar suke sawa da kansu, ta cinye ciyawa da busassun allurai da ƙananan tsiro ta wuce, manyan ko a jikinsu. Shi ya sa a wancan zamanin dajin yake a buɗe, manya jefi-jefi ciyawa a tsakani, mahayin doki yana ratsawa a guje. Sai aka zo aka sare manyan, tumaki da shanu suka cinye ciyawar da ke ɗaukar wutar, sannan bayan babbar gobarar 1910 da ta ci kimanin eka miliyan 3 a Idaho da Montana hukuma ta ɗaura yaƙi da kowace wuta, a 1935 har doka suka yi cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari. Sakamakon shi ne ƙananan suka tsiro cunkus babu mai rage su, a nan yankinmu akwai waɗanda suka fito a 1919 har yau wasu kaurinsu bai wuce cinyar mutum ba saboda matsatsi. Yanzu in wuta ta tashi sai ta bi ta kansu ta hau sama ta cinye har tsofaffin da suka tsallake gobara talatin. Aikin da ake yi yanzu shi ne a rage ƙananan a sake sa wuta da gangan lokacin sanyi, tashar binciken Fort Valley da ke kusa da mu tun 1908 ake nazarin bishiyar nan a cikinta. Abin yana taɓa ni in na ga tsohuwa mai ruwan lemo ta zama gawayi a tsaye.

Alhaji Mai Katako:
Allah sarki. To su ƙananan da ake ragewa ana samun katako a ciki?

Ɗalibin Gandun Daji:
Nan ne matsalar take Alhaji, sirara ne ga ƙulli da yawa, kuɗin fito da su daga daji yakan fi abin da za a samu, sai dai palet na ɗora kaya da itacen hura wuta da dusa. Katako mai santsi mara ƙulli irin wanda ya yi wa ponderosa suna daga tsofaffin yake fitowa.

Baban Khalifa Kafinta:
Nawa guntun ƙulli ɗaya ne a jikinsa ƙarami, kuma na ƙirga layukan da ke bakinsa sun kai 31 a ɗan faɗin nan. Ni dai har yanzu da ni ne mai raɗa suna ba mai nauyi zan ce ba, amma na yarda da Alhaji a kan cewa gara sunan da ba ya canzawa. Zan yi ɗan akwati da shi in rubuta Pinus ponderosa a ƙarƙashi. Kai kuma auta in ka sake bi ta dajin ka tsaya ka ɗauko min hoton tsohuwar, ka tsaya a jikinta in ga girman.

Direban Tirela:
In sha Allah Yaya, ranar Alhamis ina da lodi a Oregon, akwai wurin hutawa a hanya da suke nan reras, zan shinshina ɓawon ma in gaya maka.